PhET, GLOBE ko sanda da inuwa: wanne zai yi a aji irin namu na Kano?

Wata malama da muke koyarwa tare ce ta tsare ni a ɗakin malamai, ta ce Malam kai da kullum kake tone-tone a intanet, ka faɗa min guda ɗaya tak cikin shirye-shiryen nan na koyon kimiyya ta hanyar bincike da zan ɗauka in yi da 'yan JS2 a zangon nan, kar ka jero min goma. Na ce Malama ai wannan tambayar ba ta tsaye ba ce, ta ce ita dai ɗaya take so. Kafin in buɗe baki aka kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta, don na san ba ita kaɗai ba ce, duk wanda aka taɓa kaiwa bita aka nuna masa abubuwa masu kyau a majigi ya dawo ya tarar da ajinsa mai yara saba'in da wani abu ba wuta ba netwok ya san abin da nake nufi.

Da farko mu fahimci juna kan abin da ake cewa koyon kimiyya ta hanyar bincike, don an fara lalata kalmar, yanzu duk abin da aka kunna a kwamfuta sai a ce bincike ne. Ni a wajena sai yaro ya yi tambaya ko an ba shi tambayar da bai san amsarta ba, ya yi hasashe, ya auna da hannunsa, ya rubuta abin da ya samu, sannan ya tashi gaban 'yan uwansa ya kare maganarsa, wani ya ce masa ƙarya ne mu ba haka muka samu ba. In babu wannan gardamar ta ƙarshe to kallo aka yi kawai. Kuma ni duk shafin da aka kawo min abin da nake fara tambaya shi ne, in netwok ya ɗauke bayan minti goma da shiga aji me zai rage a hannuna? Sai ta biyu, lambobin da yaran za su yi aiki da su waye ya auno su, su ne ko wani Bature ne a wata ƙasa? Waɗannan biyun kaɗai sun isa su zubar da rabin abin da ake tallatawa.

Bari in fara da PhET tunda shi kowa ya fi ji. Na jami'ar Colorado ne da ke Boulder a Amurka, Carl Wieman ne ya kafa shi a 2002, shi kuwa ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo sama da ɗari, fiziks da kemistiri da lissafi da ɗan bayoloji, kyauta ne a shafinsu. Babban abin da ya sa nake sonsa shi ne kana iya sauke kowane gwaji ɗaya ɗaya ya zauna a laftof ko waya a matsayin fayil, ka buɗe shi ba data ba komai, har ka tura wa abokin aiki ta Xender. Kenan in ka samu netwok mai kyau dare ɗaya ka gama da shi na zango guda. Sai dai ka lura, tsofaffin da aka yi da Java ba kasafai suke tashi a waya ba, ka nemi sababbin.

Wanda na fi amfani da shi Circuit Construction Kit, na haɗa batir da waya da ƙwan fitila. Yaran Kano ba a koya musu son wannan, ai kowa gidansu ko maƙwabta akwai sola ko ɗan batir da ake jona fanka, sai ka ji yaro yana cewa Malam ai haka mai wayarin ɗin layinmu yake yi. Amma ga inda gizo ke saƙar, PhET kayan gwaji ne kawai, binciken ba ya cikinsa, kai ne za ka kawo shi. In ka tsaya kana dannawa suna kallo to ka mayar da shi talabijin. Yadda nake yi, kafin in taɓa komai sai in ce kowa ya rubuta a littafinsa, in na jera ƙwai biyu a layi ɗaya na cire ɗaya me zai faru da ɗayan, in kuma kowanne da nasa reshen fa? Sai an ɗaga hannu an ƙirga masu cewa zai mutu da masu cewa zai ci gaba da ci, sannan in kira yaro ɗaya ya zo ya cire. Ihun da ake yi a lokacin shi ne darasin.

Aibinsa kuma, komai a ciki tsaf yake, tsaf ɗin da ya yi yawa. Batir ba ya yin sanyi, waya ba ta yin tsatsa, in ka auna sau goma amsa ɗaya za ka samu. Yaron da ya saba da haka ranar firaktikal na WAEC ko NECO in allurar mita ta ɗan karkace sai ya rikice ya ɗauka shi ne ya yi kuskure, ko ya goge ya rubuta abin da yake ganin ana so. Don haka PhET ya ci tambayata ta farko da maki mai kyau, ta biyun kuma rabi da rabi.

Akwai ƙaninsa da ba a cika sani ba, phyphox, manhajar waya ce ta jami'ar Aachen a Jamus, kyauta, ba ta buƙatar data bayan ka sauke. Ita wayar taka take mayarwa ma'auni, tana amfani da makirfon da na'urorin da ke jin motsi a cikin wayar. Za ka iya auna lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo, igiya mai tsawon mita ɗaya wajen sakan biyu take ci, yara su rage igiyar su ƙara su gano da kansu cewa nauyin abin da aka rataya ba ruwansa, tsawon igiya ne mai magana. Da waya biyu ma ana auna gudun sauti, littafi zai ce wajen mita 340 a sakan, amma a zafin Afrilu na Kano da ake kaiwa digiri 40 ya fi kusa da 355, ka ga ga tambaya ta fito da kanta. Matsalar dai wayarka ce za ka rataya a igiya a gaban 'yan shekara goma sha uku, kuma na sautin yana son shiru, shiru kuwa a makarantar da aji uku ke raba taga ɗaya sai dai ranar Asabar. Ga 'yan SS masu fiziks ya yi sosai, ga 'yan JS ban cika ba da shawara ba.

Sai su Zooniverse. Wannan ya samo asali ne daga Galaxy Zoo na 2007, inda masana taurari a Oxford suka ga hotuna sun yi musu yawa suka roƙi jama'a su taya su tantancewa, yanzu ayyuka ne iri-iri a ciki, har da na hotunan namun daji da kyamarorin da aka ɗaure a bishiya suke ɗauka a dajin Serengeti na Tanzaniya. Yara suna sonsa ba kaɗan ba, ka ga zaki ka ga kura ka danna. Kuma aikin gaske ne, masana suna amfani da shi. Amma in za mu faɗi gaskiya yaron lebura ne a wajen, tambayar ta wani ce, hoton na wani ne, sakamakon ma wani zai rubuta. Ga shi kowane hoto sai ya ci data, netwok na tsayawa darasi ya tsaya cak. Ni na ajiye shi a matsayin abin kulob ɗin kimiyya ko ladan wanda ya gama aiki da wuri, ban ɗauke shi abin gina zango a kai ba.

iNaturalist ya fi shi ta wani ɓangaren saboda yaran ne ke ɗauko hoton, tsiro ko ƙwaro ko tsuntsu, a ɗora mutane su taya gano sunansa. Ƙa'idarsu sai mai shekara 13 zuwa sama zai buɗe akawun, amma suna da wata manhajar mai suna Seek da ba a rajista. In za ku je gidan zoo ko kuna da fili mai bishiyoyi za a more shi, kuma abin da ya fi min daɗi shi ne haɗa sunan da manhajar ta bayar da sunan da kaka ta sani a gida, darbejiya, tsamiya, kuka, tumfafiya, a yi littafin aji. Sai dai wani lokacin yana tsayawa a dangin tsiron ya kasa kaiwa ga ainihin sunan, ko ya kawo wani abu daban, kar ka bari yara su ɗauka duk abin da waya ta faɗa ya zauna.

WISE na jami'ar Kalifoniya a Berkeley da Go-Lab na Turai ba zan daɗe a kansu ba. In ana maganar tsari su ne suka fi kowa, darasi ne cikakke daga tambaya har rahoto, malami na ganin abin da kowane rukuni ya rubuta. Amma an gina su ne da tunanin yara biyu kwamfuta ɗaya, intanet ba yankewa, kwana da kwanaki, ga Turanci mai yawa da za a karanta. In makarantarku tana da ɗakin kwamfuta mai sola da ke aiki da gaske, ba wanda ake buɗewa ranar da baƙi za su zo ba, to ku gwada. In babu kar ka wahalar da kanka.

Yanzu ga biyun da zuciyata ta fi kwanciya da su.

GLOBE shiri ne da aka fara a 1995, hukumar NASA ta binciken sararin samaniya ta Amurka na cikin masu ɗaukar nauyinsa, makarantu a ƙasashe sama da ɗari suna auna yanayin garinsu su tura wuri ɗaya. A 2016 suka fito da manhajar GLOBE Observer wadda kowa zai iya saukewa, a ciki akwai na gajimare, na wuraren da sauro ke hayayyafa, na tsawon bishiya da na yanayin ƙasa. Abin da ya bambanta shi da duk na baya shi ne aikin a waje ake yinsa, yara saba'in za su iya fita fili su ɗaga kai su kalli sama a lokaci ɗaya kowa da takardarsa, waya ɗaya ce kawai za ta tura a ƙarshe, ko da daddare in ka koma gida. Na gajimaren ko sisi ba ya ci. In kun dace da lokacin da tauraron ɗan adam ke wucewa ta samanku har saƙo ake turowa a imel a nuna abin da shi ya gani daga sama a gefen abin da ku kuka gani daga ƙasa, ranar da na nuna wa yara wannan wani cewa ya yi Malam ashe sun san da mu.

Kuma mu nan muna da abin da wasu ba su da shi, hazo. Ƙurar hunturu da ke rufe mana gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, manhajar kuma tana da wajen da za ka ce ƙura ce ta rufe sama. Sai ku ɗauki abu ɗaya da ake hangowa daga makaranta, Dutsen Dala ko Goron Dutse in kuna kusa, ko wata hasumiya ko eriyar waya, kullum a lokaci guda a rubuta ana ganinsa tar, dishi-dishi ko ba a gani sam. Bayan sati shida kuna da jadawalin da ba a littafin kowa yake ba. Daga nan tambayoyi za su fara zuwa da kansu, ranar da hazo ya fi yawa ita ce ta fi sanyi? yaran da ba su zo ba saboda mura sun fi yawa a satin? Wannan shi ne binciken, kuma nasu ne.

Na sauron ma yana da kyau, musamman ga 'yan cikin gari da ke zagaye da kududdufai da kwatoci. Yaro zai koyi bambance 'ya'yan sauro a ruwa, na Anofilis mai kawo maleriya kwanciya yake a miƙe a saman ruwa, na Kules kuma yana rataye kai ƙasa. Amma akwai abu biyu. Lokacin da abin ya fi yawa, Agusta, muna dogon hutu, sai dai ku kama ƙarshen damina a farkon zangon farko. Na biyu kar ka kuskura ka tura yara bakin kududdufi su kaɗai, a tsaya a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da randunan cikin makaranta, kuma a zubar da ruwan bayan an gama. Wani aibin GLOBE shi ne yana son naci, in kun yi sati biyu kun watsar ba abin da za ku samu, kuma ma'aunin ruwan sama da na zafi suna da ƙa'idar irin wanda za a yi amfani da shi kafin a tura, na gorar roba da kuka yanka ya isa aikin aji amma ku bar shi a aji.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kowanne arha, awon ƙasa da inuwa, abin da Eratostenis ya yi a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya ga rana tsaka a Aswan ba inuwa amma a Iskandariyya akwai ta wajen digiri 7, daga nan ya lissafo girman duniya. Yanzu akwai shirin intanet da ake gudanarwa daga ƙasar Girka, makarantu na rajista a Maris da Satumba lokacin da dare da rana ke daidaita, a haɗa ka da wata makarantar ku yi musayar awo. Amma ko ba ka yi rajista ba WhatsApp ya ishe ka. Kayan aiki sanda mai mita ɗaya, rula, alli, da zare mai dutse a ƙasa don a tabbatar sandar ta miƙe.

Ga yadda lissafin yake a nan. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba sanda mai mita ɗaya za ta ba da inuwa wajen santimita 21 in rana ta take tsaka. Kuma ka sani rana ba ƙarfe 12 take tsaka a Kano ba, a Satumba wajen 12:18 ne, a Maris wajen 12:33, ni ba na faɗa wa yara, sai in ce daga sha biyu saura kwata zuwa ƙarfe ɗaya a dinga sa alama duk minti biyar a nemo inda inuwar ta fi gajarta, masu lura da lokacin azahar su kan riga kowa ganewa. In kana da aboki malami a Kalaba ka ci riba, don kusan a layi ɗaya muke daga arewa zuwa kudu, su suna wajen digiri 5, inuwarsu ba ta kai santimita 9 ba. Bambanci digiri 7 kenan, tazara a miƙe wajen kilomita 780, ka raba 360 da 7 ka ninka da 780 sai ga kilomita dubu 40 da 'yan kai, kewayen duniya, daga filin makaranta.

To amma daɗin ba a amsar yake ba. Rukuni goma za su auna, wani ya samu 19 wani 23, kuma santimita biyu kacal na sauya kusurwar da wajen digiri ɗaya, in bambancin ya zama 6 duniya ta kumbura zuwa kusan dubu 47, in ya zama 8 ta koma dubu 35. Nan za a fara, sandarku ce ta karkace, a'a filinku ne ba daidai ba, ku kun auna daga gefen sanda mu daga tsakiya. Abin da PhET ba zai taɓa ba ka ba kenan. Aibin awon inuwar kuwa, rana ɗaya ce ko biyu, in hadari ya taso ko ta faɗo Juma'a an tashi da wuri sai ku matsa kwana ɗaya ko biyu, kuskuren kaɗan ne. Sannan ba ya cika zango, sati biyu ya ƙare. In kun ji daɗinsa akwai ƙari, wajen 22 ga Afrilu rana na bi ta saman Kano daidai, inuwar sandar kusan ɓacewa take yi gaba ɗaya.

Wani abu da ba a faɗa a bita, duk wanda ka zaɓa ka nemo masa gurbi a tsarin aikin zango kafin ka fara, don ranar da aka zo duba littafin darasi ba wanda zai tambaye ka NASA, za a ce ina batun satin nan. Na gajimare da hazo yana shiga ƙarƙashin yanayi da gurɓatar muhalli, na sauro ƙarƙashin lafiya da cututtuka, na inuwa ƙarƙashin duniya da rana ko awo, malamin lissafi ma zai so a haɗa da shi saboda kusurwa. Ka kuma buɗe shafin da kanka a satin da za ka fara, irin waɗannan shirye-shiryen da tallafi suke tafiya, wani sai ka tarar an daina kula da shi. Sannan akawun ya zama naka kai malami, kar a sa sunan yara ko fuskarsu a hoton da za a ɗora.

Da na sake haɗuwa da Malama na ce tunda ɗaya kika ce, kuma 'yan JS2 ne, waya ɗaya ce taki, ɗauki GLOBE na gajimare da hazo, ki fara da zarar iska ta juya a Nuwamba. Ta ce to PhET ɗin fa da ka cika mu da shi? Na ce shi ai ba zaɓi ba ne, kamar alli ne, ki kawo wayarki in tura miki guda biyar yanzu ki ajiye. Na inuwar kuma mun yi da ita za mu haɗa ajina da nata a Maris, ita za ta nemo sanduna goma wajen kafinta a yanka su daidai, ni kuma in nemo mana malamin Kalaba.